Albarkar da Ta Ci Mini Yatsu Biyu

Ga abin da na ɗora a kan sikeli don in yi kwana bakwai a Ɗa'if: gurbi guda a kasuwar dabbobi ta Makka, taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance, jingine da katangar da ke ba da inuwa har rana ta take tsaka, turaku goma sha huɗu da na kafa da hannuna, raguna arba'in da biyu, talatin daga cikinsu amana ce ta masu kiwo, da shekara goma sha ɗaya da na yi ina shimfiɗa tabarma a wurin ba fashi. A cikin waɗannan duka gurbin ne abin ji. Rago idan ya tafi ana samun wani. Gurbi mai inuwa idan ya kuɓuce, sai dai ka jira wani ya mutu.

Ni ma mutuwar wani na jira. Da ƙafa muka zo, ni da iyayena, ta Chadi da Sudan, muka sauka a unguwar Hindawiyya ta Makka, cikin bukkokin 'yan'uwanmu takari. Mahaifina bai cika shekara biyu ba ya rasu. Na yi ga-ruwa, na yi dakon fata daga mayanka har warin ya zauna a jikina, daga baya na koma riƙe wa Larabawan daji igiya idan sun kawo dabbobi, ina sauraron yadda ake tayi. Da haka na zama dillali, amma dillalin yawo, mai bin gindin katangar mutane.

Ranar da mai gurbin ya rasu ba magaji, mu biyu muka iso wurin da asuba, ni da wani mai dillancin awaki wanda ya fi ni jiki nesa. Ba mu ko gaisa ba. Ya tumɓuke turke ya maka mini a baki, na ji haƙorana biyu suna yawo a kan harshena. Na tofar da su, na sa kai na tunkuye shi a ciki, muka faɗa kwamin da ake shayar da dabbobi. Na danne kansa cikin ruwan, yana yagar fuskata da farce, ban saki ba sai da ya buga gefen kwamin da tafin hannu. Shehun dillalai, wato dattijon da ke yanke hukunci a kasuwar, ya iso bayan an gama. Ya duba wanda ke tsaye, ya ce gurbin nawa ne. Mai awaki ya sami na hagu da ni, wanda rana ke duka tun hantsi. Shekara goma sha ɗaya yana gaishe ni kowace safiya, bakinsa a kaina, idonsa a kan inuwata.

A ranar shehun ya gaya mini doka biyu, ina tsaye jini na zuba a rigata. Ta farko, wanda aka yi safiya uku ba a shimfiɗa tabarmarsa ba, ya sauka daga gurbinsa. Ta biyu, duk maganar da aka yi a kan tabarma, ta mai tabarmar ce, ko wa ya faɗe ta.

Saboda doka ta farko ban taɓa zuwa ko'ina ba. Kasuwar nan ba ta san ciwo ba, ba ta san biki ba. Na je da zazzaɓi, na je ranar sunan ɗana na fari, na dawo gida an riga an raba goro. Wuri ne kuma da hannu ya fi baki sauri. Na ga an karya wa mutum ƙafa a kan igiya ɗaya. Na ga raƙumi ya kama kafaɗar mai shi ya girgiza shi kamar tsumma, mutane suka taru suka sassare shi nan take, kafin azahar mahauta sun raba namansa. Wanda aka kama ya kwance akuyar wani, sai ya gode wa Allah idan askar, wato 'yan sandan garin, suka iso da wuri, domin bulalarsu ta fi sandunanmu sauƙi. Idan lokacin aikin hajji ya zo, kasuwar duka kan tashi, in kwashe dabbobi in koma Mina, in tsaya cikin jini har idon sawu. Na je Arfa sau da yawa, amma kusan kullum hannuna ɗaya a sama ina addu'a, ɗaya riƙe da igiya. Mutane na sayar da gonakinsu su yi shekaru a hanya don su iso inda nake kwana, ni kuwa abin da nake so shi ne in fita daga cikinsa na mako guda.

Wani mai kiwo daga kan duwatsu ne ya sa mini abin a rai. Ya kawo tumaki wata rana da zafi ya kai dabbobi na faɗuwa a turke, ya ciro rumman daga jakarsa ya fasa ya ba ni rabi. Ya ce a garinsu, a daidai wannan lokacin, da bargo ake kwana. Na ɗauka ƙarya ce irin ta masu kiwo. Amma na san manyan 'yan kasuwar Makka kan kulle gidajensu su hau Ɗa'if duk bazara, su dawo da kumatu. Daga ranar, duk motar da na ga ta nufi hanyar sai na bi ta da ido. Da na gaya wa matata, ta yi dariya har ta ajiye muciya, ta ce mutumin da ko makewayi da gudu yake shiga don kada a taya rago ba ya nan, shi ne zai je shan iska.

Abin da ya hana ni shi ne rashin wanda zan bari a kan tabarma. Sai ga kawuna, wan mahaifiyata, ya iso aikin hajji a shekarun nan da motoci suka fara yawa a hanyar Sudan bayan yaƙin Turawa. Wata takwas kawai ya yi a hanya, kullum cikin ayarin Hausawa, don haka Larabcinsa na salla ne. Amma tsohon dillalin shanu ne a gida, dogo, mai faɗin ƙirji, mai zafin zuciya, wanda idan ya shafa bayan dabba sau ɗaya zai gaya maka abin da ta ci jiya. Da alhazai suka watse ya ce shi ba inda za shi, a nan yake so a binne shi. Na ce a raina Allah ya kawo mini ƙafar tafiya.

Wata guda na yi ina zaunar da shi kusa da ni. Na koya masa ƙidaya da Larabci. Na koya masa cinikin yatsu, wanda dillalai ke yi a can: ka ba mutum hannun dama, a rufe da mayafi, ya kama yatsunka gwargwadon abin da ya taya, kai ma ka kama nasa, ba wanda ya ji balle ya sa baki. Kawu ya ƙware a wannan cikin kwana uku, don yatsa ba shi da yare. Na nuna masa wanda ake ba wa dabba ya tafi da ita, da wanda ko igiya ba a ba shi ya riƙe.

Akwai raguna goma sha biyu nawa na kaina, manya, irin na Sudan, da na yi wata biyar ina ba su dusa a bayan ɗakina. Na riga na yi wa wani gidan 'yan kasuwa alkawarinsu don walimar aure, gidan da suka yi shekara shida ba su sayi dabba a hannun kowa ba sai ni. Na kawo su kasuwa ne kawai don su jawo ido. Na ce wa Kawu sauran ya sayar yadda ya ga dama, amma waɗannan ko nawa aka taya, ya ƙi.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Yaro, ni za ka koya wa ƙin tayi? Tun uwarka ba ta iya ɗaura zane ba nake cewa albarka a kara.”

Na yi dariya. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, ban ji abin da ke cikinta ba. Hankalina yana kan mota.

Ranar Asabar na hau bayan wata babbar mota tare da buhunan shinkafa. Yini guda muka yi muna zagaye duwatsu, muna sauka muna turi. Da la'asar iska ta canja, na ji ta ratsa rigata, na rungume hannuwana kamar wanda aka kama da sata. Na sauka a wani masauki na fatake. Washegari ban tashi ba sai da rana ta shigo ɗakin, abin da ban taɓa yi ba tun ina ga-ruwa. Na ci inabi har haƙorana suka mutu. Na zauna a bakin wani lambu ina kallon ruwa yana bin kwalbati yana shiga gindin itatuwa, ba wanda ya biya kuɗinsa, ba wanda ya yi faɗa a kansa. Na sayi bargo don in tabbatar da maganar mai kiwon nan, kuma ya yi gaskiya. Ba zan ɓoye ba, a rana ta uku ƙafata ta kai ni kasuwar tumakin garin, na tsinci kaina ina matsa jelar ragon da ba nawa ba, ina tambayar nawa aka taya. Amma na fita ban sayi kome ba, na koma bakin lambu.

Ranar Laraba da yamma ina zaune ina ɓare rumman, direban motar da ta kawo ni ya same ni. Ya ce tun jiya aka fasa kan kawuna a kasuwa, kuma yau da ya wuce bai ga tabarma a gurbina ba.

Na ƙirga nan take. Laraba safiya ɗaya. Alhamis ina hanya, biyu. Juma'a ce ta uku.

Na iso Hindawiyya ranar Alhamis dab da magariba. Na tarar da Kawu kwance a ɗakina, an naɗe masa kai da tsumma, idonsa na hagu ya kumbura ya kai girman lemo, ruwa-ruwa da jini na fita ta gefe. Bai bari na gama sannu ba ya fara ba ni labari, cikin fushi, yana dukan tabarma.

Ya ce ranar Litinin wani mahauci Balarabe ya zo, ya zagaya manyan ragunan, ya ƙi ba da hannu a ƙarƙashin mayafi, ya taya da baki a gaban jama'a. Tayin wulaƙanci ne, bai kai kuɗin dusar da suka ci ba. Kawu ya gane lambar sarai. Ya kawar da kai ya ce albarka, kamar yadda kowane Bahaushe zai ce idan tayi bai yi masa ba. Mahaucin ya sake faɗin lambar don ya tabbatar, Kawu ya ɗaga murya ya ce albarka, albarka. Mutumin ya kama hannunsa ya girgiza, ya juya ya ce wa na kusa su shaida, ya jefa 'yan kuɗi a kan tabarma ya tafi. Kawu ya ɗauka sadaka ce ya ba shi don ya gan shi tsoho baƙo, ya ji haushi, ya tura su ƙarƙashin tabarmar da ƙafa.

Tun kafin ya kai nan na riga na gane. A bakin Larabawan kasuwa, idan mai kaya ya ambaci baraka a kan tayi, ya sallama ke nan, ya sa wa mai saye albarka a abin da ya saya. Idan za su ƙi, cewa suke yi yiftah Allah, wato Allah ya buɗa. Ni na san wannan tun ina riƙe igiya, har na manta cewa koyonsa na yi. Na koya wa Kawu ƙidaya har ɗari, ban koya masa a'a ba. Kuɗin da aka jefa kuwa kafin alƙalami ne.

Ranar Talata mahaucin ya dawo da ƙannensa uku, suka fara kwance ragunan ba ko sallama, don a wurinsu kayansu ne. Kawu ya ga ɓarayi da rana tsaka. Ya ɗauki gorarsa ya sauke wa ƙaramin a dantse, ya ce ya ji ƙashin ya amsa kamar an karya kara. Ya sake kai wa na biyu a gwiwa. Sai suka rufe shi. Ɗaya ya riƙe shi ta baya, mahaucin ya ɗauki dutsen da muke danne tabarma da shi ya buga masa a goshi, sau biyu, na biyun ya sauka a kan ido. Suka tattake shi cikin kashin tumaki. Dabbobi suka tsinke igiya suka bazu cikin kasuwa. Takari 'yan'uwanmu ne suka janye shi, suka tattaro abin da suka iya. Shehun dillalai ya kulle manyan ragunan a garkensa, ya ce ba mai taɓa su sai mai gurbi ya dawo. Mahaucin kuwa ya rantse a gaban jama'a cewa ba tabarmar da za a ƙara shimfiɗawa a wurin sai an ba shi kayansa an kuma biya hannun ƙanensa, shi ya sa ba wanda ya yi gangancin shimfiɗa mini ita.

Juma'a na fita daga sallar asuba da tabarma a hammata. Matata ta miƙo mini wuƙa, na ce ta mayar. Wanda ya zare wuƙa a kasuwa, maganarsa ta bar hannun shehu ta koma gaban hukuma, ni kuwa gurbi nake nema, ba gidan kaso ba.

Na tarar da su uku a tsaye cikin inuwata, mahaucin da ƙannensa biyu, ɗaya yana ɗingishi. An watsa yashi a inda jinin Kawu ya zuba, amma ƙudaje sun san wurin. Mai awaki ya riga ya matso da dabbobinsa har bakin iyaka, yana zaune da tasa tabarmar a naɗe bisa cinya. Ya gaishe ni kamar kullum, har da tambayar yaya iskar Ɗa'if.

Na yi sallama, na sunkuya na warware tabarmata. Mahaucin ya ɗora ƙafa a kanta, ya kira ni da sunan da Larabawa ke kiran takari.

“Ya Takruni, ragunana.”

“Suna wurin shehu. Ɗaga ƙafarka in shimfiɗa, sannan mu je.”

Ya tofa yawu a kan tabarmar. Daga sunkuyen da nake na kama ƙafar na ɗaga, ya faɗi da baya a kan turke. Ƙannensa suka hau ni. Ɗaya ya sa mini igiya a wuya ta baya ya ja, na ga kasuwar ta yi ja sannan ta fara duhu. Na buga ƙeyata a hancinsa, igiyar ta saki. Mai ɗingishi ya narka mini sanda a haƙarƙari, na ji numfashina ya tsaya. Na rarumi turke na share shi a gwiwar da Kawu ya riga ya taɓa, ya zube yana birgima. Ina juyowa na ga mahaucin ya tashi da wuƙar fiɗa a hannu, ya nufo cikina. Ba wata dabara da na yi. Hannuna ne ya kai kansa, na damƙe kaifin. Ya fizge. Ban ji zafi ba a lokacin, na ji dai kamar an zare mini wani abu mai sanyi. Da hannun hagu na sauke masa turken a muƙamuƙi, bakinsa ya karkace gefe, ya durƙusa yana tofar da jini da haƙora.

Na duba hannuna. Ƙaramin yatsa babu shi, yana kan yashi, wani ɗan akuyar maƙwabcina yana shinshina shi. Na kusa da shi yana reto da fata. Na durƙusa, na ja tabarmar da gwiwa da hannun hagu har ta miƙe, na zauna a kanta. Na duba mai awaki na ce ya shaida an shimfiɗa.

Askar suka iso da bulala, suka zane duk wanda suka samu a tsaye, har da waɗanda suka zo rabo. Shehun ya roƙe su su bar masa maganar, tunda ba rai da ya fita. Wani wanzami ɗan garinmu ya zo, ya ƙarasa yanke yatsan da ke reto, ya sa ƙarfe a wuta ya ƙone wurin don jini ya tsaya. Mutum huɗu suka danne ni. Warin ya yi daidai da na kan rago idan ana babbaka, kuma har yau ba na cin ganda.

Kafin a kira sallar Juma'a shehun ya zauna a kan maganar, a nan gaban gurbina. Shaidu suka ce da kunnensu suka ji tsohon ya ce baraka, har sau uku. Wani dattijo cikin takari ya tashi ya bayyana cewa a harshenmu wannan kalma ƙi ce. Larabawa suka bushe da dariya, wani ya ce waɗanne irin mutane ne ke korar mai saye da albarka. Dattijon ya ce irin waɗanda ke korarsa da Allah ya buɗa. Dariyar ta ragu, shehun ma ya sunkuyar da kai yana shafa gemu.

Ya ce ya yarda tsohon bai yi niyyar sayarwa ba, ya kuma yarda mahaucin bai yi niyyar sata ba, ko da yake ya san tayinsa ba na Allah da Annabi ba ne. Jini kuwa ya biya jini: hannu da muƙamuƙi a gefe guda, ido da yatsu a gefe guda, kowa ya yi jinyar nasa, idan ba haka ba mu tafi gaban alƙali a fara da wanda ya zare wuƙa. Mahaucin ya girgiza kai alamar ba ya son zuwa gaban alƙali. Sannan shehun ya juyo gare ni ya ce zaɓi biyu ne. Idan na ce maganar tsohon ba tawa ba ce, ciniki ya warware, in kwashi ragunana. Amma wanda maganarsa ba ta ɗaure mai tabarma ba wakili ba ne, ke nan tun Asabar ba kowa a gurbin, kuma an wuce safiya uku. Idan na ce tawa ce, gurbi na nan, raguna na mahauci a kan abin da ya taya.

Na ga mai awaki ya fara kwance igiyar da ya ɗaure tabarmarsa da ita. Ban daɗe ina tunani ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni na ci inabi.

“Abin da aka faɗa a kan tabarmata ni na faɗa. A ba shi.”

Suka kora su a gabana, goma sha biyu, suna tafe da ƙyar don ƙiba. Mai awaki ya sake ɗaure igiyarsa.

Da labari ya kai wa Kawu, ya juya fuska bango. Ya ce ya ba da ido don kare dukiyata, ni kuma na tsaya gaban Larabawa na mai da shi maƙaryaci. Na ce masa laifin nawa ne, ni ban koya masa ba. Ya ce ba ya son a koya masa, albarka albarka ce ko a gaban wa. Wata guda bai amsa gaisuwata ba, abinci ma sai matata ta ce ita ta saya da kuɗinta yake ci. Idon bai sake gani ba. Gidan 'yan kasuwar nan na nema musu wasu raguna a guje, ba su kai na farko ba, suka karɓa suka yi godiya, ba su ƙara aiko mini ba. Cikin na amana biyar ba a gan su ba, an ce an hangi wasu can wajen Ka'akiyya, inda a lokacin ba kowa sai ƙaya da duwatsu. Na biya masu su.

Cinikin yatsu ya gagare ni, don wanda ya kama hannuna ba zai iya taya huɗu ko biyar ba, Balarabe kuma ba ya karɓar hagu. Dole na koma faɗin farashi da baki kowa na ji. Wasu masu kiwo suka guje ni saboda haka, wasu suka zo saboda haka. Labarin abin da na faɗa gaban shehu ma ya zaga, aka riƙa cewa Takrunin nan mai yatsu takwas ba ya tashin magana ko ba shi ya yi ta ba. Ban nemi wannan suna ba, amma na ci abinci da shi.

Wata safiya ina shimfiɗa tabarma sai ga Kawu da gorarsa, ya zauna a gefe. Can wani ya zo ya yi tayin banza. Kafin in buɗe baki na ji ya ce yiftah Allah, da ƙarfi, kamar yana zagi. Da mutumin ya juya, ya ƙara da albarka a ƙasan maƙoshi, don kansa.

Da shekara ta zagayo alhazai suka watse, na ɗauko bargona. Matata ta tambaye ni ko sauran yatsun ne suka yi mini yawa. Na bar Kawu a kan tabarma, na hau mota, na yi kwana bakwai cif. Haka na riƙa yi duk shekara har ya rasu, kuma ba a sake zubar da jini a gurbin ba.

Lissafin tafiyar farko dai ga shi. Na rasa yatsu biyu, raguna goma sha biyu a kan kuɗin dusa, biyar na amana, da gida guda na masu saye. Na riƙe gurbi, na sami kwana huɗu cikin bakwai da na nema, da bargo ɗaya, da hanyar da na bi shekara tara bayan haka. A kan abin da yake nawa, na ce ban faɗi ba. Idon Kawu ne ban san inda zan rubuta shi ba, don ba nawa ba ne na kashe shi, kuma shi bai taɓa ganin Ɗa'if ba. Sau biyu na ce ya je ni in zauna, ya ce shi Makka ya zo. Abin da na iya shi ne in cika jaka da rumman duk dawowa, ya fasa ya ci a kan tabarma, yana cewa bai kai goruba ba.